Tambaya ta Ashirin da Uku

A Laurel, cikin jihar Maryland,
dusar ƙanƙara ta binne motar maƙwabci har madubi,
ni kuwa ina gaban kwamfuta
da fam ɗin gwamnati mai shafi barkatai,
yana tona ni tun daga gidan hayana na fari.

Sai tambaya ta ashirin da uku:
cikin shekara bakwai da suka wuce,
kin taɓa shan abin da ba a halatta miki ba?

Shekara shida ke nan da wata huɗu.
Da sun jinkirta wata takwas,
da na wuce ta kamar ban san ta ba.

Ƙwayoyin kashe zafi ne na mahaifiyata,
ragowar kwalbar da ta bari a kan firji
ranar da aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba.
Na haɗiyi ɗaya don in samu barci.
Kafin bazara na ƙirga sha tara,
na juye sauran a masai, hannuna na rawa.

Corwin, abokin aikina, ya ce rubuta a'a,
kwalba ba ta da baki,
mamaci ba ya zuwa shaida.
Na daɗe ina kallon akwatunan nan biyu.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Na danna e.

Misis Halvorsen ta zo da jaka baƙa
da kofi da ya huce tun a hanya.
Ba ta ɗaure fuska ba, ba ta kuma saki ba.
Sau nawa? Yaushe ne na ƙarshe?
Kin saya, ko kin sayar?
Akwai wanda kuka sha tare, kuna gaisawa har yau?
Biro na tafiya, ina amsawa.
Sannan ta ɗago kai:
Mijinki ya sani?

Na ji na'urar ɗumama ɗaki tana numfashi.

Ta ce, ƙwayar ta daɗe da barin jininki,
mun ga shekarun, mun ga kin faɗa da bakinki.
Amma abin da kike ɓoyewa igiya ce,
ina so in san ko wani zai iya kama bakinta
ya ja ki inda ya ga dama.

Daren nan Anselm na wanke tukunya.
Na tsaya bayansa na faɗa masa duka,
har da lambar, sha tara.
Ya rufe famfo.
Ya ce, na ga kwalbar na raguwa a lokacin,
na rasa ta inda zan fara.

Wata na biyar ke nan wasiƙa ba ta iso ba.
Wataƙila su ba ni katin shiga ɗakin da ba taga,
wataƙila su ce in dawo baɗi.
Kullum da yamma ina taka ƙanƙara zuwa akwatin wasiƙu,
in tarar da takardar kuɗin wuta
da tallan masu gyaran rufi.