Me Za A Ba Nelida?

Ranar da sakamako ya fito a Puno
gidanmu ya koma majalisa.
Nelida ta gama, an ba ta takarda mai hatimi,
an ce watan Maris ta hau kwale-kwale
zuwa wani tsibiri a tsakiyar tafkin Titikaka:
aji ɗaya, yara ashirin da uku,
da taga mai gilashi biyu, ɗaya a fashe.

To, me za a ba ta?

Fortunata ta ce bargo.
Ta ce sanyin can ba ya sallama,
sai dai ka ji shi zaune a cikin ɓargo.
Tun daren ta hau kaɗin gashin alfaka,
tana murza zare tana faɗa da kowa.

Wilber, da yake direba ne, ya ce agogo,
malamin da ya makara ba shi da bakin tsawa.
Kaka Eusebia ta ja tsaki.
Ta ce ku ba ta zuma, kwalba biyu,
maƙogwaro ne gonar malami,
ran da ya bushe babu girbi.

Maƙwabcinmu mai shagon littattafai
ya kawo taswirar duniya da rangwame,
an buga ta tun wasu ƙasashen ba su raba gari ba.
Wani ya ce kofin shayi mai rubutu a jiki.
Nelida ta leƙo daga kicin ta ce tana da huɗu.

Ni ban ce uffan ba.
Ni baduku ne, ƙanin mahaifinta,
shekara talatin ina sanin mutane ta ƙafa.
Na ji labari daga bakin ruwa zuwa makarantar hawa ne,
matakalar dutse, ɗari biyar in ji masu ƙirga,
kuma na ga takalmin da ta karɓo takarda da shi,
ga sheƙi, amma ƙarfinsa na ɓawon albasa.

Sai na auna tsohon nata da zare, a ɓoye.
Na yanka fata, na yi tafi da tayar mota,
na ninka ɗinki inda ake yin guda,
na bar ɗan fili a gaba,
don ƙafar mai wuni a tsaye kumbura take yi.
Wannan ba a koyar da shi a kwaleji.

Da sauran magana.
Na sayi jan biro wurin mai taswira,
da littafin rubutu mai layi, irin na 'yan aji ɗaya.
Dare shida, bayan na rufe shago,
ina kwaikwayon allon da ke saman ƙofata,
wanda wani ya rubuta mini tun ba a haife ta ba.
Harafi bakwai ne kacal,
amma sun fi fatar bijimi taurin kai.

Ranar tafiya, a bakin tafki,
zuma ta shiga bargo, bargo ya shiga jaka,
agogo ya hau hannu, taswira ta ƙi naɗuwa.
Ta sa takalman, ta taka, ta sake takawa,
ta ce kamar a ciki aka haife ta.
Sannan na miƙa littafin, idona a kan ruwa.

Ta buɗe. HILARIO, layi bayan layi,
kowane R ya juya baya
kamar mai fushi da 'yan gidansu.
Na ce, ga biro, Malama, a fara da ni,
kar ki je wa 'ya'yan mutane da hannun da bai faɗa ba.

Ta daɗe ba ta ɗago ba.
Mai kwale-kwale ya busa usur har sau biyu.
Ta cire murfin da haƙori,
ba ta soke ko ɗaya ba,
sai ta zana R guda a sabon shafi, ƙato, yana kallon gabansa.
Ta ce, Baffa, a cika mini nan kafin hutun Yuli.
Zan duba.

Yanzu takalma tara ke jira na a kan benci,
masu su na zuwa suna komawa.
Su yi haƙuri.
An ba ni aikin gida.