Taɓon Sharaɗa

Shekara ashirin da shida ina juya fata a Sharaɗa,
ganga na ruri, ni ina zuba hoda da gwangwani.
Kurom muke ce mata.
Ta cinye mini farce uku,
ta bar mini tabo a wuyan hannu
wanda man kaɗanya ma ya gaji da shi.

Kakana da bagaruwa ya yi jima.
In ya zubar da ruwansa, akuya ta sha ta wuce.
Mu kuwa da la'asar muke buɗe bututu,
ruwa ya gangara Salanta, shuɗi-shuɗi, da kumfa a baki.
Can ƙasa Alto mai lambu ya tare shi da injinsa,
latas ya yi shar, alayyafo ya yi kai.
Abin da na zubar da la'asar
shi na saya da kuɗina, na ci da tuwon dare.

Sai ga Barira, jikata, ran wata Asabar,
da takalmin roba har gwiwa, da cokali, da kwalabe tara.
Ta ce, Kaka, nuna mini inda ya fi wari.
'Yan adaidaita suna ta dariya:
duk bokon nan, a kwata aka ƙare?
Ko kallo ba su ishe ta ba.
Ta duƙa tana ɗibar taɓo kamar mai awon zinariya.

Na ce, 'yar nan, kwaɗi ma sun yi ƙaura daga nan,
me kike nema?
Ta ce, waɗanda ba su yi ƙaura ba.

Bakteriya, in ji ta.
Dubu a kan tsinin allura, kuma da sauran wuri.
Sun zauna cikin dafin har ya zame musu gida,
sun san yadda ake kama shi a ɗaure.
Ni da na san ƙwayar cuta da zawo da tari kaɗai,
na yi shiru.

Na farko sun mutu.
An ɗauke wuta kwana biyu, akwatin ɗumin ya huce.
Ta zo ta zauna a bakin ƙofata, ta ƙi cin komai,
sai ta ce, gobe da sassafe.
Muka koma kwatar.

Sati uku bayan nan ta hau da ni bene a jami'a,
gwiwata na ƙara, tana jira na a kowane hawa.
Kwalba biyu a kan tebur.
Ɗaya rawaya kamar garin ɗorawa,
ta ce wannan ne mugun, mai ratsa jiki.
Ɗayar ta washe,
sai wani kore-kore kwance a gindinta kamar dusa.
Ta sa idona a madubi.
Na ga 'yan sanduna ƙanana suna kai da komo,
babu kofur a kansu, babu ranar albashi.
Na ce, sannunku da aiki.
Ɗaliban suka fashe da dariya. Ni da gaske nake.

Na ce, to ya ɓace ke nan?
Ta girgiza kai.
Ƙarfe ba ya ɓacewa, Kaka, kwantar da shi suka yi.
Sai an kwashe, an nema masa wurin da ruwa ba ya kaiwa.
Wa zai kwashe?
Ta gyara mayafinta, ta dubi taga.

Kwalba ɗaya ce.
Salanta kuwa doguwa ce, na san tsawonta,
ni na cika ta.
Bututun ma har yau da la'asar ake buɗe shi,
yaron da ya gaje ni ya riga ya rasa farce ɗaya.

Asabar mai zuwa za ta dawo da jarkoki.
Ta ce nauyi zai yi mini yawa.
Na wanke tsohon takalmin aikina, na shanya a katanga.