Wasiƙar da Ta Yi Latti

A Pula, a hawa na uku,
inda taga ke kallon tsatsar tashar jiragen ruwa,
Nevio Radolović ba ya taɓa takarda da yatsa.
Matsefata yake sawa,
kamar mai cire wa yaro ƙaya.

Ambulan ɗari huɗu da 'yan kai,
duk na sojan ruwa, duk fanko.
Ba ruwansa da abin da aka faɗa a ciki,
shi hatimi yake bi:
sunan jirgi, ranar bugawa,
shuɗin tambarin mai tace wasiƙu.
Ba kan sarki ko ɗaya.
Soja ba ya biyan kuɗin aike,
da wani abu dabam yake biya.

Jiragen sun daɗe da kwanciya a ƙasan teku,
wasu an yayyanka su an yi cokula.
Takarda ce ta tsira.

Sai ran nan a gwanjon Trieste
ya samu wadda bakinta ke liƙe.
Dillali ya ce, kar ka kuskura,
darajarta a rufenta take.
Adireshin da fensir ne:
Fuma Peruško, Krnica,
tafiyar da ba ta kai sa'a ba a bas.

Kwana uku barci ya ƙi.

Ƙofa shuɗiya, ɓaure a gefe.
Tsohuwa ta fito da gari a hannu,
ta ce Fuma ai kakata ce,
ta mutu tana cewa ɗanta bai taɓa rubutowa ba.
Ta goge hannu a jikin siket,
ta ɗauko wuƙar albasa.
Kyaaat!
Nevio ya runtse ido.

Layi huɗu ne kacal.
Inna, ina lafiya.
Muna bisa teku amma miya ba gishiri.
A aiko mini safa biyu.
Kar ku sayar da jakin.

Ta yi dariya har ta dafa bango,
sannan ta zauna a dokin ƙofa
ta daɗe ba ta ce komai ba.
An sayar, in ji ta.

Ta riƙe wasiƙar, ta miƙo masa ambulan,
bakinsa a yage, yana warin albasa,
ga shatar babban yatsa a kan sunan jirgin.

Da dare ya buɗe kundi,
ya matsar da sauran baya.
Matsefatar na gefen fitila.
Da hannu ya sa shi.