Rijiyar Takarda

Gabas da kukar Ila, a bakin garinmu,
an kafa farin allo mai ƙafafun ƙarfe.
Shekara uku awaki na susa a jikinsa.
Ban san me ya ce ba
sai ranar da jikata Asabe ta tsaya da tulu a ka,
ta haɗa baƙi da baƙi:
"An kammala rijiyar burtsatse."

Kammala!
Na dubi ƙasa, ƙaya ce da kashin tumaki.
Ashe a Dutse mun daɗe da ƙoshi,
cikin fayil muke wanka,
nan kuwa kududdufi muke rabawa da shanun Jauro.

Rediyon Hudu ya ce har ƙasashen masu jirgi haka ne,
wai can gada ake haɗiyewa.
To, ɓeran gida da na jeji
ai haƙorinsu ɗaya.

Ranar kasuwa muka hau a-kori-kura,
mata ashirin da bakwai, kowa da busasshen bokiti,
muka jera a ƙofar sakatariya.
Ba mu zagi kowa ba.
Muka ce ga ruwanku, ku ɗanɗana.

Kansila ya aiko da sabulu.
Tabawa ta ce a mayar masa,
sabulu ba ruwa, me zai wanke?

Har yau ba a haƙa ba.
Amma da yamma Asabe na koya mana karatun allo,
mu shida, da furfurarmu,
don akwai wani a gaban asibitin nan
da ba shi da rufi.