Sabon Ido

A Kabala Doki, ran sunan ɗan Asabe,
Na ce wa mata, "Ku matso, a sa jaririn tsakiya."
Na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru.
Nan gaban jama'a ta cika, tsohuwar kyamara.

Shekara sha ɗaya tana rataye a wuyana,
Igiyarta ta yi min kanta a kafaɗa.
Da ita na biya haya, da ita na sai wa Inna firji,
Murfin batirinta da roba nake ɗaure shi.
Mai duba ta a Kasuwar Barci ya juya ta, ya ce,
"Malam Barau, wannan ta wuce gyara."

Wata bakwai ina zubin adashi,
Na bar tsire, na bar shayin dare,
Ina aron ta Bitrus in an kira ni biki,
Mu raba ribar biyu, in dawo Tudun Wada a ƙafa,
Har kwasata ta zo, na zauna na ƙirga naira.

Shagon Ikenna na bayan babbar kasuwa.
Ya jera uku a tebur kamar ragunan layya:
Ƙarama sabuwa dal, ko ledarta ba a ɓare ba,
Ta tsakiya ta hannu ce, da ɗan ƙwarzane a gefe,
Babbar kuwa, kuɗinta ya sayi fili a Rigasa.
Ya yi ta zubo lambobi, megafiksil kaza, zum kaza,
Har kaina ya fara sara.

Na kira Bitrus, ya ce, "Ci bashi, ɗauki babbar."
Hansatu ta ce, "Tuna kuɗin makarantar yara."
Wani da ya shigo sayen caja shi ma ya sa baki,
Kowa da tasa shawara.

Sai na tuna Malam Jatau, Allah ya jiƙansa,
A ɗakin duhu, hannunsa cikin ruwan wankin hoto:
"Gangar jikin akwati ce, ɗana,
Kuɗinka ka kai wa gilashin gaba,
Sauran kuma idonka ne da jira."

Na ɗaga ta tsakiyar, na kai ta ido.
Can tsallaken titi wani mai tura ruwa
Ya tsaya shan iska, gumi na bin haɓarsa.
Madubin ciki ya ce ƙaf, ɗigon ya tsaya a iska.
Na ce, "Sau nawa aka danna ta?"
Ikenna ya latsa, ya nuna min: dubu tara.

Sau uku yana cewa albarka,
Sau biyu ina kai wa bakin ƙofa.
Da la'asar ta yi muka sha hannu,
Canjin na zuba shi kan gilashi mai kyau,
Jaka da katin ajiya ya ba ni gyara.

A kan gada na tsaya gwaji:
Masu wanki, kwalekwale ɗaya, balbela kan dutse,
Kogin Kaduna ya shigo tafin hannuna
Tun ladan bai yi kira ba, tun rana ba ta faɗi ba,
Ba wanki, ba shanya, ba asara.

A gida na sami Inna tana tsinkar zogale.
Na ɗauke ta, na miƙa mata ta gani.
Ga tsagar kumatunta, ga kowace tamoji,
Ga furfurar da ta leƙo ta ƙasan kallabi.
Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce,
"Tsohuwar takan rufa min asiri,
Wannan ba ta da kunya, sai fitsara.

Goge shi." Na ce to. Ban goge ba.

Yanzu dare ya raba, an ɗauke wuta,
Gobe akwai walima a Barnawa.
Maɓallanta ashirin da wani abu, huɗu na sani.
Ga ni da tocila a baki, da littafinta a cinya,
Ni da na koyar da yara shida sana'a,
Ina bin shafin farko da yatsa, kamar ran da na fara.