Aikin Gida Daga Samaru

Malam Barau ya rubuta a allo:
jigo, salo, zubi da tsari.
Fankar aji na kukan tsohuwar akuya,
mu arba'in, biro a baki.
Ya ce kowa ya samo tatsuniya ɗaya,
ya feɗe ta har wutsiya kafin Litinin.

Na sauka bas a Ƙofar Doka,
na taka zuwa Kwarbai, gidan Goggo Tabawa,
na ajiye waya kusa da turminta.
Ta ce, "Da rana tsaka?
So kike ki ɓata a kasuwa?
Jira kaji su shiga akurki."

Bayan lisha ta ba ni labarin kurciya
da ta ci bashin gero wurin kunkuru.
Daren Juma'a kunkuru ya yafe.
Daren Asabar, da na ce ta maimaita,
sai ya kai ƙara gaban alƙali,
har da shaidu, ƙadangare da bushiya.

Na ce, "Goggo, wanne zan rubuta?
Malam zai nemi madogara."
Ta tofar da tukar goro:
"Jiya kin zo da fara'a,
yau kin zo da rigima.
Kowace na ba ta nata."

Litinin na miƙa shafi shida.
Ƙarƙashin jigo na sa haƙuri,
na goge, na sa bashi, na sake gogewa
har takardar ta huje.
Malam ya ɗaga ta sama,
ya leƙo ni ta hujin,
ya ba ni sha uku cikin ashirin.