Shafi na Goma Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya na yi ina buga takarda a Yamai,
cikin wani ofis a Filato, bayan iccen mangwaro,
inda fanka ke juyi kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa.
Ni ce Zuwera mai tafireta.
Ba a taɓa neman ra'ayina ba; na mutane nake jerawa.

Majalisar shawara ta farko da na yi wa aiki
ran wata Talata aka buɗe ta, aka sha lemo.
Kujeru arba'in:
ƴan kasuwa, ƴan sandika, malaman lakkwal, likita guda,
sai kujera ɗaya dab da ƙofa, ta manoma.

Nan Nomau Arzika ya zauna,
mutumin Tamaske,
wanda sabulun otel ya kasa raba hannunsa da warin albasa.
Kwana uku Faransanci na wucewa ta bisa hularsa.
Ran na huɗu ya miƙe, ya ce da Hausa:
"Albasa ba ta mutuwa a gona, a rudu take ruɓewa.
Ku taya mu wurin ajiya na wata huɗu,
mu daina sayarwa ranar da kowa ke sayarwa.
Dillali ba ya fin mu wayo, haƙurin jira ya fi mu,
shi kuwa haƙuri da rufi ake yin sa."

Tafinta ya taƙaita.
Shugaba ya dubi agogo.
Na buga zancen a shafi na goma sha bakwai,
ƙarƙashin "sauran batutuwa",
layi biyu da rabi.

Wata asuba rediyo ya tashi da kiɗan soja.
Aka sallami kowa, aka bar ni da mabuɗi.

Daga nan na koyi lissafin zamani da kan takarda.
Kowace gwamnati da sunan da take raɗa wa jaririnta:
majalisa, kwamiti, hukuma, zauren tuntuɓa.
Suna na ƙara tsawo, teburin dai shi ne,
mai gajeruwar ƙafa ɗaya
da muke tokarewa da rahoton bara.

Shekarar da sefa ta kwana cikakkiya ta wayi gari rabi,
sun zauna har bayan lisha
kan kuɗin shinkafa da na kinin.
Na ga babban mutum ya cire tabarau yana share ido.
Ba zan yi masu ƙarya ba:
akwai shawarar da ta fita ɗakin da ƙafarta,
ta zama rijiya a wani ƙauye, ta zama aji biyu.
Sauran suna kabad,
gara ce kaɗai ta karanta su daga bango zuwa bango.

Da tafireta ta tsufa aka kawo na'ura.
Wani ƙwararre ya sauka daga jirgi,
ya haska bango da zane ja da kore,
ya ce matsalar albasa matsalar ajiya ce.
Tafi ya ɗauke ɗakin.
An biya shi kuɗin da zai rufa rudu ɗari.
Ni kuwa na sunkuya kamar mai gyara takalmi,
don kada a ga bakina.

Ran da na aje aiki ban ɗauki kofi ko kalanda ba.
Kwafin shafin nan na naɗe cikin gefen zane.

Bara na tarar da ɗansa, Illa, a tashar albasa,
bisa buhu, yana ƙirga da waya.
Ya ce tsoho ya rasu da jimawa,
wurin ajiyar kuma su suka gina, da adashi.
Ya juya takardar sama da ƙasa,
ya ce, "Inna, ban yi lakkwal ba. Me aka rubuta?"

Ban karanta masa layi biyu da rabi ba.
Na faɗa masa duka, da Hausa,
har da batun haƙuri da rufi,
yadda ubansa ya faɗa, a tsaye, dab da ƙofa.